Jan Farce a Kan Ƙwan Lantarki

A rumfar Bi Mwanaidi mai kayan kwalliya, cikin kasuwar Kariakoo, na tarar da wani ƙato tsaye a tsakiyar mata. Siminti ya yi masa furfura a gira, tafin hannunsa duk kanta. Yana ɗaga kwalaben jan farce yana haska su a rana.

"Baba, farcenka za mu gyara?" in ji Bi Mwanaidi. Mata suka kwashe da dariya.

Ya murmusa, ya zaro ƙwan lantarki daga cikin safa. Ya zaɓi ruwan hoda, yana shafa wa gilashin a hankali.

"Kar ka cika, zai yi ƙauri in ya ɗau zafi," ta ce. "Ɗakin amarya ne?"

"Maiɗakina ce, 'yar'uwa. Tunda aka sallamo ta daga asibiti ta juya madubi bango. Farin hasken nan ba shi da kara."

Dariya ta ɗauke. Ban san ciwon ba, amma ina jin ya daɗe a gidan. Ga shi yana kara ƙwan a bayan hannunsa, yana duban yadda fata za ta fito.

"Bari in ƙara kaɗan," ya ce. "Jininta bai dawo ba tukuna."