Haƙorin da Ya Ci Shekara Ɗari Biyu

A sashen tarihin jami'ar, in ka ce kana neman Baba Mai-Zane, ba wanda zai tambaye ka wane ne. Za a nuna maka ƙarshen baranda, ɗakin da ke maƙwabtaka da sito, mai taga guda babba. Shi da kansa ya zaɓi ɗakin saboda tagar, ya ce hasken safe yana shigowa ta gefe, kuma hasken gefe ba ya rufa wa abu asiri.

Ba ɗan boko ba ne. A aji shida ya tsaya, sai karatun allo da ya yi wurin kawunsa, inda ya samu hannun rubutun Larabci. Da ya tasa ya kama sana'ar fenti, yana rubuta sunayen shaguna da lambobin manyan motoci a wata rumfa kusa da tasha. Abin da ya raba shi da rumfar nan shi ne taron shekara-shekara da sashen yake shiryawa kan tarihin Larabawa da harshensu da abubuwan da ake tonowa a tsoffin kufai. Wata shekara aka rasa mai rubuta ƙyallen maraba da Larabci da boko, aka zo aka ɗauke shi. Yana kan tsani yana ɗaura ƙyallen Farfesa, shugaban sashen, ya tsaya a ƙasa, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo.

"Kai ka rubuta wannan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Ba rula?"

"Rula tana idona."

Farfesa ya yi dariya, ya zaro wani ɓallin tukunya daga aljihun kwat ya miƙa masa, ya ce ya zana shi yadda yake, kada ya ƙara kada ya rage. Kafin a gama jera kujeru ya zana, har da sawun yatsan maginin a gefen baki. Ranar Litinin ya fara aiki.

Mai ɗakinsa ba ta ji daɗin canjin ba da farko. "Malam, wai da gaske fasassun tukwane za ka riƙa zanawa? Ai da ka faɗa min, ina da su cike da bayan kicin." Ya ce mata nata ba su tsufa ba tukuna, ta ajiye masa su nan da shekara dubu.

Shekara ashirin da takwas ya yi a ɗakin nan. Masu tono suna dawowa da kwalaye, shi kuma yana zaune da fensir da tawada da takarda mai shara-shara. Ya zana tsabar kuɗin da suka yi kore, da fitilun yumɓu, da duwatsun da aka sassaƙa wa rubutu. Bai san nahawu ba, kuma bai taɓa cewa ya sani ba. Amma ya san yadda hannu yake tafiya in yana rubutu, inda ake soma harafi da inda ake ɗage ƙarfen sassaƙa. Kafin ya zana dutse sai ya rufe ido ya bi shi da yatsa tukuna. Duk shekara in taro ya zo, kwana uku, shi ke jera zane-zanensa a baranda don baƙi su gani lokacin shan shayi. Yakan tsaya daga gefe da farar rigarsa, hannu a baya, yana jin masana suna gardama kan aikinsa ba su san shi ne ba.

A shekarar da ake ba da labarinta, masu tono sun dawo da wani dutse da suka ciro daga bakin tsohuwar rijiya. Layi huɗu ne a jikinsa: bisimilla, sunan wanda ya haƙa rijiyar, addu'a ga mai shan ruwanta, sai shekara. Aka ba Dakta aikin karanta shi. Dakta sabon malami ne, bai daɗe da dawowa daga karatu ba, mai ƙwazo da ladabi, sai dai akwai gaggawa. Ya ɗauki hotuna, ya zauna gaban kwamfuta sati biyu, ya fito da murna: rijiyar ta shekara ta ɗari bakwai da 'yan kai ce bayan Hijira. In haka ne, ta girmi duk wani rubutu da aka taɓa samu a yankin, kuma ayarin fatake ya fara bin hanyar da rijiyar take tun kafin lokacin da littattafai suke faɗi.

Matsalar tana cikin kalma ɗaya. Mai sassaƙar bai sa ɗigo ko ɗaya ba, kuma a Larabci in ba ɗigo, bakwai da tara kamar tagwaye suke. Kowace tana da haƙora huɗu a jere, uku gajeru, ɗaya dogo. In dogon yana ƙarshe, bakwai ce. In yana farko, tara ce. A hoton Dakta na ƙarshen ne ya yi tsawo. A zanen Baba na farkon ne.

Saura kwana biyar taro Dakta ya shigo ɗakin da zanen a hannu.

"Baba, sannu da aiki. Akwai ɗan kuskure a nan, layi na huɗu. A gyara min haƙorin nan ya koma ƙarshe."

Baba ya cire tabarau ya goge. "Dakta, ka taɓa dutsen?"

"Na ɗauki hoto arba'in."

"Ban ce hoto ba. Zo ka sa yatsa. Na ƙarshen nan ɓallewa dutsen ya yi, ƙasansa kaushi ne. Inda ƙarfe ya bi santsi yake. Na farkon kuwa dogo ne, farar ƙasa ce ta cike kansa."

Dakta ya duba agogo. Yana da baƙi talatin da zai tarbo, ga takardarsa an riga an buga a jadawali. "Baba, da girmanka, wannan fannina ne. Shekara shida na yi a kansa."

"Ban musa ba. Karatu naka ne, ka karanta yadda ka gani. Amma zane nawa ne, ba na zana abin da yatsana bai ji ba."

Bai ɗaga murya ba, bai kuma kai ƙara wurin Farfesa ba. Da ya koma gida ya ba mai ɗakinsa labari suna cin abinci. Ta ajiye cokali.

"Malam, saura maka shekara biyu ka yi ritaya. Kan haƙori guda za ka ɓata da mai digiri uku?"

"Ba ɓatawa muka yi ba. Yaron kirki ne, sauri ne ya yi masa yawa."

"To in kai ne ka yi kuskure fa?"

"Miƙo min ruwa," ya ce. "Ban yi ba."

Ranar farko ta taro ya rataye zanen a baranda tare da sauran, tsakanin na fitila da na tsabar kuɗi. Rana ta biyu da hantsi Dakta ya hau mumbari. Ɗakin ya cika, har ɗalibai a tsaye jikin bango. Ya yi jawabi mai kyau, majigi yana nuna hoton dutsen ƙato a bango, aka tafa masa. Da aka zo tambayoyi sai wata baƙuwa ta ɗaga hannu daga layin gaba, wata tsohuwar malama mai sanda, wadda ta ƙare rayuwarta kan rubutun duwatsu. Ta ce ta sha shayi jiya a gaban wani zane a baranda, kuma zanen da hoton nan ba su faɗi abu ɗaya ba. Wa ya yi zanen?

Dakta zai iya cewa mai zanen ba masani ba ne, a wuce wurin, kuma da yawa za su yarda. Bai faɗa ba. Ya duba can baya kusa da ƙofa ya ce, "Ga shi can. Baba, don Allah ka ƙaraso."

Baba ya taho a nitse tsakanin kujeru. Aka miƙa masa makirufo, ya riƙe shi nesa da baki kamar mai zafi.

"Ni ban iya jawabi ba," ya ce. "A kawo dutsen, a saki labule."

Masu gadi biyu suka turo shi daga sito a kan baro, aka ɗora shi bisa tebur. Aka saki labulaye, aka kashe majigi. Baba ya ciro tocila daga aljihu, bai haska dutsen daga sama ba, ya kwantar da ita a gefe har hasken ya shafi fuskar dutsen. Nan take kowane rami ya yi inuwa. Ya ɗauki buroshi mai laushi ya share kan haƙorin farko a hankali, farar ƙasa ta zubo kamar gari, tsagin ya miƙe sama, santsi, kaifi. Na ƙarshen kuwa kowa ya ga gefensa a yage yake.

Tsohuwar malamar ta dogara sanda ta taso. Ta rufe ido ta bi haƙoran da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, sannan ta faɗi kalma guda da Larabci: tara. Ta juya ga Dakta ta ce shi ma ya taɓa. Ya taɓa. Ya daɗe yatsansa yana wurin, sannan ya karɓi makirufo.

"Jama'a, na shigo ɗakin nan da shekara ɗari bakwai, ga shi Baba ya ƙara min ɗari biyu ban roƙa ba. Rijiyata ta yi yarinta."

Aka kwashe da dariya, tafin da aka yi masa ya fi na farko. Daga nan gardama ta koma kan abin da ya fi amfani: wa ke haƙa rijiya a wannan hanya a shekara ta ɗari tara, alhali ana cewa an daina binta? Sai da shugaban zama ya buga tebur sau uku kafin a tafi cin abinci.

Da yamma Dakta ya zo ɗakin ƙarshen baranda, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Baba, ka yafe min."

"Shigo ka zauna. Me ka yi min? Kai ka kira ni gaba, ba wanda ya tilasta ka." Ya tura masa kujera da ƙafa, ya ɗauko wani dutsen daga ƙarƙashin tebur. "Rufe ido. Faɗa min harafi nawa ne a nan."

Takardar ta fito bayan wata takwas da sunaye biyu a samanta, na Dakta da na Baba. 'Yar Baba ta fari, malamar asibiti, ita ta karanta wa uwarta a tsakar gida, uwar ta sa aka maimaita mata layin sunan sau biyu.

Shekarar da ta biyo baya masu shirya taro suka ba shi rabin awa ya yi magana. Ya ce bai da ta cewa ta rabin awa, a ba shi tebura da fensira. Ya raba wa manyan masana ɓallin tukunya ɗaya ɗaya ya ce su zana. Ya riƙa zagayawa a bayansu yana leƙe, yana gyara wa wannan riƙon fensir, yana ce wa wancan ya daina zana abin da yake zato. Da ya zo kan Farfesa, wanda ya tsufa sosai a lokacin, ya ɗaga takardarsa ya juya ta sama da ƙasa.

"Ranka ya daɗe, wannan tukunya ce ko silifa?"

Tun daga nan zaman ya zama na kowace shekara, kuma sai an yi rajista da wuri ake samun kujera.

Ya yi ritaya a kan lokaci. Idonsa na hagu ya soma hazo, hannun dai ba ya rawa. Yanzu jikokinsa yake yi wa zanen taswira in an ba su aikin gida, malamansu kuma suna ta mamakin yaran. In lokacin taro ya zo 'yarsa takan kawo shi a mota da safe, ta dawo ta ɗauke shi bayan la'asar. A layi na uku yake zama. Wani lokaci yakan yi gyangyaɗi in ana maganar nahawu, amma da an ce za a nuna dutse sai ka ga ya gyara zama ya tura tabarau sama.