Fuskokin da Anti Ba Ta Gogewa

Abu na farko da na lura da shi ranar da na iso Kafanchan shi ne fuskoki. Motar Manchok ta sauke ni, ɗan acaɓa ya kai ni shagon Anti, ƙanwar Mama, a bayan tsohon layin dogo, kuma tun kafin in ajiye jakata idona ya faɗa kan kwamfutar da ke kan tebur. Allonta cike yake da ƙananan hotunan mutane, jere bayan jere, babu ko masakar tsinke. Maza da taye, mata da ɗankwali, jarirai da aka tallafe musu kai da hannun da ba a ga mai shi ba. A ƙasa can gefen dama akwai wani ɗan rubutun Turanci mai cewa manhajar da ke cikin kwamfutar ba ta gaskiya ba ce. Anti ta ce in rabu da shi, tun ranar da aka haɗa mata kwamfutar yake wannan ƙorafin.

Karatu ya kawo ni, zan shiga aji huɗu na sakandare. Idan an tashi daga makaranta nakan wuce shagon, in zauna a ƙarshen benci kusa da firinta, inda takarda ke fitowa da ɗumi, in yi aikin gida a kan cinyata. Ba ni da yawan magana. Mutane sukan gaishe ni sau ɗaya, daga nan su manta ina wurin.

Anti tana buga takardu, tana ɗaukar hoton fasfo, tana shirya takardun bikin aure da na jana'iza. Doka ɗaya gare ta: ba ta goge hoto.

"Fuskar mutum ce fa," takan ce. "Ka goge yau, gobe Ubangiji ya kira shi, 'ya'yansa su zo suna kuka babu abin da za a sa a kalanda."

Gaskiya ta faɗa. Gidaje da yawa a yankinmu ba su da hoton tsohonsu mai kyau sai wanda ke wurin Anti. Sai dai ba ta sa wa hotunan suna, lambar da kyamara ta ba su ita ce sunansu. Idan aka yi rasuwa, dangi su zo su tsaya a bayan kujerarta, ta tambaye su wajen yaushe marigayin ya zo, ta buɗe hotunan lokacin, ta faɗaɗa na farko ya cika allo, sai ta fara danna maɓallin gaba. Su kuma suna cewa, "Ba shi ba ne. Ba shi ba ne." A hanya sukan ga kowa. "Kai, wannan ba ɗan gidan katikis ɗin cocinmu ba ne? Ya yi ƙiba." Har masu makoki sukan yi dariya. Babu wanda ya taɓa ganin laifin wannan, ni ma ban gani ba.

Ta haka na ga hoton Mama. Anti tana neman hoton fasfon wani ɗalibi, sai wani hoto marar fuska ya bayyana. Ƙirjin mace ne, an sauke zane, akwai kumburi a gefen hagu har zuwa hammata. Hannun da ke riƙe da zanen yana da farin tabo a gindin babban yatsa, inda mai ya taɓa fallatsa wajen suyar ƙosai. Na san yatsan nan tun kafin in san haruffa.

Anti ta danna gaba da sauri. Ba ta juyo ba, ni ma ban ɗaga kai ba. Sai da muka rufe shago muna tafiya gida, muna tsallake tsofaffin ƙarafan dogo da ciyawa ta cinye, ta yi mini bayani. Mama ta zo kafin zuwana, an ɗauki hoton da kyamarar shago, an tura wa wani likita ɗan'uwansu a Jos. Ya ba da magani, ya ce a jira a gani. Mama ba ta so kowa ya sani sai ta san ko mene ne, ta faɗa wa Kaka da bakinta. Kaka tana da hawan jini. A cocin ƙauyenmu kuwa, idan mace ɗaya cikin matan zumunta ta ji, ranar Lahadi za a kira sunan mutum daga gaba a ce a sa shi cikin addu'a. Kaka kuma a bencin farko take zama.

"Ai babu fuska," in ji Anti. "Wa zai gane?"

Daga ranar nakan lura da watan da Anti ta buɗe duk lokacin da aka zo neman hoto.

Akwai mutum ɗaya da ba ta barin komai a kwamfutar. Malamar da ke koya mana kwamfuta a makaranta ce, doguwa, mai ƙaramar murya, kullum da lema ko babu hadari. Makarantarmu ba ta da intanet, don haka takan zo shagon da yamma idan tana da abin turawa. Takan ciro wani ɗan filash shuɗi, irin wanda ake ajiye takardun kwamfuta a ciki, da ke rataye tare da makullan gidanta, ta kashe kwamfutar gaba ɗaya, ta soka shi, ta sake kunnawa. Sai allon ya tashi da wata fuska dabam. Fuskokin Anti duk sun ɓace, rubutun ƙorafin ma babu. Wani lokaci, kafin ya gama tashi, wani tsuntsu mai tumbi, baƙi da fari, yakan bayyana a sama yana zaune kamar ya ƙoshi. Idan ta gama, ta kashe, ta zare filashinta, kwamfutar ta koma yadda take.

"Malama 'yar leƙen asiri," Anti takan ce. "Me kike ɓoyewa ne haka? Ko wani Alhaji ne a Abuja?"

"Da Alhaji ne ai da na daina hawa acaɓa, Madam."

"To me ya hana ki amfani da tawa? Tana cizo?"

"Taki tana da riƙo. Duk abin da aka gaya mata ba ta mantawa, kamar surukata."

Wata rana Anti ta tambaye ta inda ta sayi abin da ke cikin filashin. Malama ta ce ba a sayarwa, kuma ba na sata ba ne. Mutane ne a ƙasashe dabam-dabam suka haɗa hannu suka rubuta shi, kamar yadda ake gayya a gonar citta, suka bar shi a buɗe. Duk mai ilimin abin zai iya leƙa cikinsa ya ga ko yana kai rahoton mutum wani wuri, kuma kowa yana da izinin kwafa ya ba wani. Nata ta shirya shi yadda ba ya rubuta komai a cikin kwamfutar da aka soka shi. Anti ta ce ita ba ta yarda da abin kyauta ba, ko gishiri ne. Ni dai na rubuta kalmar gayya a gefen littafin lissafina, ban san dalili ba.

Cikin damina wani dattijon cocin ƙauyenmu ya rasu. Ɗansa ya zo shagon da mata uku na zumunta, sanye da zanensu iri ɗaya, sun jiƙe daga gwiwa zuwa ƙasa. Ɗaya daga cikinsu ita ce maƙwabciyar Mama a kasuwa. Rumfarsu ɗaya, a kwano ɗaya suke cin gwate da rana. Ta rungume ni, ta ce na yi fari, ruwan birni ya karɓe ni.

Anti ta tambayi lokacin da marigayin ya zo ɗaukar hoto.

"Lokacin tantance 'yan fansho," in ji ɗan.

"Ai mota ɗaya suka shigo da mamar yarinyar nan," in ji maƙwabciyar. "Ni na raka su tasha."

Na ga Anti ta gane watan da ake nufi. Amma mutane huɗu na tsaye a bayanta, kuma ba ta san wata hanyar neman hoto ba sai wadda ta saba. Ta buɗe watan. Ta fara dannawa.

Na ajiye biro. Na san abin da ke zuwa kafin hoton Mama: wani kek na aure mai hawa-hawa, sai wasu tagwaye cikin rigar makaranta. Ban san inda na dattijon yake ba.

"Ba shi ba ne. Ba shi ba ne. Wayyo, ga matar hedimasta, ashe tana sa janbaki."

Kek ya wuce. Tagwaye suka wuce. Anti ta danna sau biyu a jere don ta tsallake, amma kwamfutar tsohuwa ce, idan aka matsa mata takan tsaya ta yi tunani. Ta tsaya a kan hoton.

"Yesu!" in ji ɗaya daga cikin matan. Ɗan marigayin ya juya yana kallon titi.

"Aikin asibiti ne," in ji Anti. "Wata ce daga Kagarko."

"Allah ya ba ta lafiya. Wannan ciwon ya yi yawa yanzu."

Maƙwabciyar Mama nake kallo, ba allon ba. Idonta bai tsaya a kan kumburin ba, ya sauka ƙasa wajen hannun. Ta gyara ɗaurin zanenta, ko da yake bai kwance ba. Sai hoton ya wuce, dattijon ya fito da hularsa a karkace, kowa ya ce shi ne, aka shiga gardamar ko a sa masa ayar Zabura a sama ko a ƙasa.

Da za su tafi ta dafa kaina. "Ki yi karatu da kyau," ta ce. "Ki riƙa kiran mamarki." Har yau ban san ko ta gane ba. Ranar Lahadin ba a kira sunan kowa ba sai na iyalin marigayin.

A ranar dai, suna fita daga shagon Anti ta koma kan hoton ta goge shi. Wannan ne karo na farko da na ga ta goge wani abu, kuma sai da ta yi ɗan jim kafin ta danna. Malama ta shigo ana cikin haka, tana kakkaɓe lema. Anti ba ta faɗi ko hoton wa ne ba, ta dai tambaya ko abin da aka goge ya tafi ke nan.

"Kin zubar da kwandon sharar?"

Anti ba ta san kwamfuta tana da kwandon shara ba. Aka buɗe, ga shi a ciki.

"Da katin kyamara fa? Da akwatin saƙon da kika tura shi? Kullum a buɗe nake samun imel ɗinki, Madam, ko almakashi ba a bari haka."

Suka bi su ɗaya bayan ɗaya, Malama tana kallon gefe duk lokacin da hoton zai fito. Ta ce ko bayan wannan, wanda ya san aiki zai iya tono shi daga cikin kwamfutar idan ya sa kansa, don gogewa ba ta kankare abu nan take. Abin da ya fi, in ji ta, tun farko kada ya sauka a nan. Anti ta ce to ita ba ta da maƙiyan da za su yi wannan wahalar. Malama ta ce ba maƙiya ba ne suka tsaya a bayan kujerar Anti ɗazu. Ashe ta gamu da matan a bakin hanya.

Bayan kwana kaɗan Mama ta kira a wayar Anti. Maganin ya kusa ƙarewa, likita yana so a sake ɗaukar wani hoton ya kwatanta da na farko. Za ta shigo ranar Alhamis. Ta tambaye ni ko ina cin abinci, na ce ina ci. Ba mu yi maganar komai ba bayan wannan.

Anti ta ce wannan karon za ta goge da zarar ta tura. Na san za ta yi niyya. Na kuma san yadda Alhamis take a shagon: masu fasfo a layi, wuta na zuwa tana tafiya, wani na ƙwala mata kira daga waje. Hannunta ya saba kwashe duk abin da ke cikin katin kyamara ya zuba wuri ɗaya, tun kafin ta yi tunani.

Ranar Laraba muna da darasin kwamfuta. Da aka buga ƙararrawa na yi ta shirya littattafaina a jaka ina sake fito da su har ajin ya watse. Malama tana rufe tagogi. Makullanta na kan tebur, filashin shuɗin a cikinsu, gefensa ɗaya ya koɗe saboda yawan riƙo. Ban taɓa yi mata magana ba sai amsa tambaya.

"Ke ba za ki gida ba?"

"Zan je, Malama."

Ta jira. Na kalli makullan, don ya fi mini sauƙi da kallon fuskarta.

"Malama, gobe mamata za ta zo shagon Anti, akwai abin da za a tura. Don Allah ki zo da abin nan naki, ki nuna mini yadda ake kunna shi. Ni zan tura da kaina. In ya yiwu kuma, ki tsaya a waje lokacin."