Shatin Hannun Baba

Wata Laraba ce bayan girbin gero, a shekarar da na yi famfarar haƙora, mai shela ya zaga garinmu da ke gefen Roni yana cewa kowa ya fito yaɓen ganuwa. A lokacin muna ƙarƙashin Sarkin Kazaure, shi kuma yana bin Sarkin Musulmi a Sakkwato. Mahara daga arewa ba sa sallama, don haka kowane gida yana da rabonsa na ganuwa da zai gyara duk shekara. Maza na kwaɓa ƙasa da ƙafa, mu 'yan mata muna jido ruwa daga kududdufi, rabin tulun a jikinmu yake ƙarewa saboda wasa.

A ranar Baba ya kama hannuna ya danna a ɗanyen yaɓe, ya danna nasa a gefe. Washegari zai bi ayarin da ke kai gaisuwar sarki Sakkwato, jakunansa uku ɗauke da kayan saƙi. Ya ce, "Ki riƙa duba mini shatin nan, Hajo, kafin a sake yaɓe na dawo." Ayari ya dawo da jakunan, babu shi. Zazzaɓi ya kayar da shi a hanya, can aka binne shi. Kullum in an aike ni itace sai na biya na ɗora hannuna cikin nasa.

Da shekara ta zagayo, Baffa, ƙanen Baba, ya zo zai shafe wurin. Na tare gabansa ina kuka, da ma ni akwai taurin kai. Ya dube ni ya ce, "'Yar nan, in na bar shi ruwa zai shiga." Amma ya kewaye shatin da yaɓe ya bar mini. A damina ta uku ruwa ya sami hanya ta nan, rabonmu ya zube gaba ɗaya. Mai gari ya wanke Baffa tas a gaban jama'a, shi kuwa bai taɓa ambata sunana ba.

Yanzu babu mahara, ganuwar ta zama tudun da awaki ke hawa, mutane na ɗibar ƙasarta suna gini. Nakan tsaya in na wuce, kewa ta cika ni. Da na bar Baffa ya rufe shi, da hannun Baba ya daɗe a ciki tare da nawa. Ni da kaina na ba ruwa shi.