Yatsun da Challawa Ta Cinye

Litinin, Matameye zuwa Kano

Ƙarfe biyar da kwata, ana idar da sallar asuba, na bar gida. Kun dai san shekara goma sha huɗu na yi ina kankare fata a wani kamfanin jima a Challawa da ke Kano, kafin bara a sallame mu, mu 'yan Nijar. Wani ɗan takara ne ya bi unguwa da lasifika yana cewa mun cinye aikin 'yan gida. Kwatsam sai ga wayar manajanmu, Alhaji Sabo: fatu na ruɓewa, babu hannu, in dawo. Na ce wa matata Hajara ta share hawayenta, tukunya ta kusa komawa hawa wuta sau biyu a rana.

Ɗan mashin ya ajiye ni a bakin iyaka ƙarfe bakwai saura. A Daura na shiga motar Kano, naira dubu bakwai, mu huɗu a matse a baya. Shingayen jami'an tsaro kuwa tun kafin Kazaure na daina ƙirgawa.

"Baba, aiki za a je?" in ji direba. "Ai an ce ba a son ku."

"Yanzu ana so," na ce masa. "Fata ta yi wari."

Sha ɗaya da rabi muka shiga Kano. Na sauka a Na'ibawa wajen Malam Iro, mutumin Ringim, tsohon abokin aikina. Ya sayo mana garau-garau, ya bar mini katifarsa.

Talata, Challawa

Tun daga titi na san ba ƙarya Alhaji ya yi ba. Fatu jibge har bakin taga, ƙuda ya rufe su. Samarin da ɗan takara ya kawo mako ɗaya suka yi suka gudu, kuma wallahi ban ga laifinsu ba. Alhaji ya riƙe hannuna biyu-biyu.

"Malam Harouna, gobe ka kama aiki. Sai dai yanzu duk baƙo sai ya je Bompai wajen kwamitin tantancewa ya dangwala yatsa, a ba shi kati. Minti biyar ne."

Laraba, Bompai

Adaidaita biyu na hau, tireloli suka riƙe mu minti arba'in. Ƙarfe ɗaya layi ya zo kaina. Wata yarinya mai ladabi ke zaune gaban na'urar ɗaukar zanen yatsa.

"Baba, ku ɗora babban yatsa."

Na ɗora, fitila ta yi ja. Ta ce in goga a goshina in sake. Ja. Muka bi yatsu goma ɗaya bayan ɗaya, sannan ta juya hannuna ta duba.

"Baba, ai babu zane. Sumul suke kamar bayan cokali."

To ina zane zai zauna? Shekara goma sha huɗu hannu na cikin ruwan tsami da farar ƙasa, safar hannu sai ranar da baƙi za su zo zagaye. Ni ban ma taɓa lura ba.

Shugaban kwamitin, hoton ɗan takara maƙale a ƙirjinsa, ko kallona bai yi ba.

"Na'ura ba ta gan ka ba, ni ma ban gan ka ba. Na gaba!"

Raina ya ɓaci. Na ce, "Ranka ya daɗe, a garin nan aka goge mini zanen yatsun, ba a Nijar ba!" Sai ji na yi an ja rigata zuwa waje.

Da la'asar na biya Sharada. Ƙofar kamfani uku na gani an rubuta ana neman ma'aikata, duk uku suka tambayi kati. Na kira Alhaji Sabo. Ya ce, "Ka yi haƙuri, zaɓe ya matso, ba na son rigima." Ga fata tana ruɓewa, ga mai iya ta a bakin titi yana tsaye. Kai, abin da ciwo.

Alhamis, gida

Malam Iro ya raka ni tasha ƙarfe shida, ya cusa mini burodi a jaka. Da azahar na yi sallama a gida. Hajara ta kalli fuskata, ta kawo ruwa.

Alhamdu lillahi da na dawo lafiya, Allah kuma ya saka wa Malam Iro. Ku samarin da ke ta tambayata hanyar Challawa, ku zo ku ga hannuna tukuna.