Ruwan Inuwar Kofur Vandi

Daminar bana ta cika shekara goma sha biyu da rasuwar maƙwabcina kuma abokina, Kofur Vandi. Ni mai gyaran keke ne a Mubi, sunana Hamman, karatuna bai wuce firamare ba, kuma ban taɓa rubuta wa jarida komai ba. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wani abu da ya faru a shagona kwanakin baya.

Vandi mutumin duwatsun Michika ne. Ya yi yaƙin basasa, aka sallame shi, ya zo Mubi daidai lokacin da muka fara jin sunan Gongola a rediyo. Ya kama ɗaki a bayan shagona, shi da matarsa, yana noman gyaɗa da dawa a Betso. Shi Kirista, ni Musulmi, amma shayinmu ɗaya. Bai taɓa ba ni labarin yaƙi da baki ba. Abin da yake yi shi ne, ya ɗebo yumɓu a bakin mayo, wato kogi, ya zauna yana gina sojoji 'yan ƙanana, kowanne bai fi tsawon ɗan yatsa ba. Da allura yake tsaga musu ido da baki da ninkin riga. Matarsa maginar tukwane ce, sai ya riƙa cusa su cikin tukwanenta ranar gashi. Takan yi faɗa, yakan yi kamar bai ji ba.

In sun fito daga wuta jajaye suke, babu wanda za ka bambanta da ɗan'uwansa. Sai ya shafe su da farar ƙasa, ya sa musu ɗan kore ko ruwan goro a riga. Har nan ba su zama kowa ba. Abin da ke ba su rai shi ne wani baƙin ruwa da yake haɗawa da kansa cikin kwalbar magani, wanda yake kira ruwan inuwa. Kamar tawadar allo yake, sai dai ya fi ta tsarari ƙwarai. Yakan tsoma gashin wutsiyar akuya da ya ɗaure a tsinke, ya ɗiga a kan soja. Ruwan ya gangara ya bar tudu, ya kwanta a duk inda allura ta bi. Kafin ka ƙifta ido sai ga mutum yana kallonka.

Ranar Lahadi bayan coci, tsofaffin sojoji kan zo. Babbansu Saja Bitrus, wani dogo mai ɗingishi. Su zuba yashi a kan tebur, su yi tsaunuka da tsakuwa, su shimfiɗa tsumman shuɗi ya zama kogi. Da tsinken tsintsiya suke auna tafiyar soja, da ƙwayar ludo suke yanke wanda harsashi ya samu. Wanda ya faɗi a kwantar da shi. In an gama Vandi ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tsayarwa.

Kowane soja a teburin nan mutum ne da suka sani. Har da Vandi kansa: ya gina kansa a durƙushe yana ɗaure igiyar takalmi, da tabon da ke kumatunsa na hagu, kuma kullum a bayan kowa yake ajiye shi.

"Kofur, ko a kan tebur ma ba ka zuwa gaba?" in ji Saja.

"Oga, wanda ya je gaba yana ina yanzu? Bari in gama ɗaure takalmi."

Ni kuwa dariya nake musu. Ina ce wa Vandi mai gemu ba ya wasan 'yar tsana. Sau da yawa ya ce in zo in ga yadda ake haɗa ruwan, sai in ce ina da taya a hannu. Iyakar abin da na yarda na yi masa shi ne kankaro baƙin hayaƙi daga gilashin fitilata in ba shi a takarda. Wata rana na miƙa jiƙaƙƙen hannu zan ɗauki soja ɗaya, ya doke min yatsu.

"Hamman, hannunka yana da ruwa. Waɗannan ba su son ruwa."

Na ɗauka raha ce irin tasa. Ban tambaye shi dalili ba.

Mutuwarsa ta zo mana ba shiri. Mutumin da harsashi ya bari, zazzaɓin 'yan kwanaki ya tafi da shi, gyaɗarsa tana fure a Betso. Ya bar 'ya ɗaya, Kuve, wadda ba ta daɗe da yaye ba. Hotonsa guda ne a duniya, shi ma gara ta cinye shi a jikin bango tun yana raye. Da matarsa za ta koma wurin danginta a kan dutse, ta kawo min akwatinsa na ƙarfe da sojojin a ciki.

"Malam Hamman, ka riƙe wa Kuve. A gida za su ce tsafi ne, su zubar. In ya girma ka nuna masa babansa."

Haka take Hausarta, mace da namiji duk "shi" ne a wurinta. Na karɓa, na ce ko bayan raina.

Shekara uku akwatin yana ƙarƙashin bencina. Ƙura da baƙin mai suka sami hanyar shiga. Ana gab da Kirsimeti na ji labari Kuve da mahaifiyarta za su sauko Mubi, sai na ce bai kamata yarinya ta ga mahaifinta cikin datti ba. Duk mai gyaran keke yana da daron ruwa da yake tsoma tiyub don neman inda ta huje. Na canza ruwan, na zuba garin sabulu, na juye sojojin ciki gaba ɗaya don su jiƙa. Wani ya kawo keke da tsinkakkiyar sarƙa, na juya na kama aiki.

Da na dawo, ruwan daron ya koma toka-toka. Na sa hannu na ɗebo. Jajaye. Dukansu jajaye, kamar gyaɗar da aka ɓare. Babu ido, babu baki, babu riga. Na zauna a ƙasa cikin ruwan da ya zube, sojoji cike da tafina. Sai a lokacin na tuna cewa tawadar ƙaro ruwa ke wanke ta, abin da duk wanda ya taɓa riƙe allo ya sani, ni ma na sani tun ina yaro. Na nemi mai ɗaure takalmi na same shi, amma fuskarsa ta koma kamar ta kowa.

Ba su sauko ba a shekarar. Na shanya su, na mayar cikin akwati, na ɗora tsofaffin tayoyi a kai. Duk lokacin da wani ya zo daga dutse da gaisuwar Maman Kuve, sai in ce a gaya mata ajiya tana nan lafiya. Na faɗi haka sau da yawa, kuma na san ba gaskiya nake faɗa ba. Saja Bitrus ma na riƙa kauce masa a kasuwa.

Cikin shekarun nan Mubi ta canza. Nakan tambayi kaina abin da Vandi zai ce da ya ga sojojin roba da ake zubawa a faifai a kasuwa yanzu, koraye, dukansu fuska ɗaya, ko wanda ya yi su bai san sunan ko ɗaya ba. Ko gidajen bidiyo da samari ke cika, suna tafi in an harbe mutum. Ina jin ba zai yi wa'azi ba. Zai sayi sojan roba ɗaya, ya juya shi, ya ce wannan bai taɓa jin yunwa ba. Fenti ma yanzu akwai shi gwangwani-gwangwani ga mai hali, wanda ruwa ba ya wankewa. Da shi ya yi amfani, da ban shiga wannan hali ba. Amma na san shi, zai ce fenti yana toshe aikin allura.

Abin da ban gaya wa kowa ba, wanda ya fi wankin ma ba ni tsoro, shi ne ni kaina na manta fuskarsa. Ina tuna muryarsa, ina tuna yadda yake hura shayi. In na rufe ido don in gan shi, sai in ga jan yumɓu.

To, bana sai ga wata budurwa cikin kayan makaranta ta tsaya a ƙofar shagona. An kawo ta sakandare a Mubi. Ta durƙusa ta gaishe ni.

"Bappa, ni ce Kuve. Mama ta ce babana yana wurinka."

Sifanar da nake ɗaure ƙusar keke da ita ta faɗi daga hannuna. Na yi tunanin in ce makulli ya ɓata, har maganar ta zo bakina. Sai na kawar da tayoyin, na buɗe mata, na faɗi abin da na yi ba tare da na rage komai ba. Ta ɗauki mai ɗaure takalmin da na nuna mata, ta daɗe tana kallo. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ta shafa fuskar da farce.

"Bappa, akwai zane a nan. Ina jin shi da yatsa."

Na karɓa na shafa. Gaskiyarta. Shekara tara ina jin kunyar buɗe akwatin, ban taɓa lura cewa ruwa bai taɓa aikin allura ba. Wuta ta riga ta gasa shi.

Washegari na tafi gidan Saja Bitrus, na same shi ya tsufa, ido ɗaya ya mutu. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce:

"Ka wanke bataliya guda da sabulu. Ko abokan gaba ba su yi mana haka ba."

Amma ya ɗauki sandarsa ya biyo ni.

Babu wanda ya san haɗin gaba ɗaya. Ni na san baƙin fitila. Kuve ta aika wa mahaifiyarta, aka dawo da amsa cewa yakan kwashe mata bagaruwa ya jiƙa da tsofaffin ƙusoshi masu tsatsa har ruwan ya yi baƙi, ya tace da tsumma, ya narka ƙaro a ciki. Muka yi. Muka shafa wa wani soja farar ƙasa, muka gwada. Na farko ya yi kauri, ya fito kamar wanda ya faɗa rijiyar kwalta. Muka ƙara ruwa, sai ya riƙa tsayawa ɗigo-ɗigo a goshi, ya ƙi shiga tsaga. Lahadi uku muna haka. Na fara cewa a raina Allah ya hana ni ne saboda ƙaryar da na yi.

A Lahadi ta huɗu Saja yana gyangyaɗi a benci, sai ya buɗe ido.

"Sabulu," ya ce.

Na ce, "Saja, don Allah a bar tuna min."

"Ba wankinka nake faɗi ba, sarkin tsafta. Kofur yana satar sabulun salo na matarsa. Kan tsinke kawai yake dangwalawa ya juya a kwalba. Na taɓa ganin ta bi shi da muciya."

Muka dangwala. Muka gwada a kan soja ɗaya, ruwan ya gudu cikin tsaga kamar ya san hanya. Saja ya kai shi kusa da idonsa mai gani, ya kira wani suna da ban taɓa ji ba, ya ce a bakin kogi suka bar shi.

Na miƙa wa Kuve tsinken, na ce ita ta yi na mahaifinta. Ta ce a'a, wanda ya wanke shi ya mayar. Na ɗiga. Ruwan ya sauka daga goshi, ya cika kwarmin ido, ya bi gefen hanci, ya kwanta cikin tabon kumatun hagu. Sai ga Vandi. Na ja da baya har na ture keke. Shi ne, da kunnuwansa da suka buɗe kamar na tulu, kuma dariya yake yi. Duk shekarun da nake ganin sojan nan a tebur ban taɓa sunkuyawa na ga cewa dariya yake ba.

Kuve ta riƙe shi a tafin hannu har ya bushe. Ta taɓa kunnenta.

"Ashe a wurinsa na samo su. A makaranta ana ta tsokanata."

Ba duk abin da na ɓata ya dawo ba. Koren rigunan da ya haɗa ba mu gano shi ba, namu ya fi kama da miyar kuka. Sojoji da yawa fuskarsu ta fito amma Saja ya kasa tuna sunansu, kuma sauran 'yan teburin sun mutu ko sun watse. Da na buɗe akwatin tun a lokacin, da akwai masu faɗa mana. Wannan nauyin nawa ne, kuma ina roƙon Allah gafara, ina roƙon Maman Kuve, wadda na san za a karanta mata wannan.

In na auna abin da ya rage na Vandi, ba shi da yawa a ido: akwatin ƙarfe, kwalbar magani, 'yar da ta ɗauko kunnuwansa. Amma mutum ne da bai yarda a manta da fuskar kowa ba, ya zauna da allura ya tsaga su da zurfin da ko wauta irin tawa ba ta iya shafewa. Yanzu ranar Lahadi muna zuba yashi a bencin shagona, ni da Saja. Yana cinye ni kullum, kuma ni nake bi in tsayar da waɗanda suka faɗi.

Mai ɗaure takalmi ba ya cikinsu. Kuve ta naɗe shi a hankici ta tafi da shi. Da za ta fita ta waiwayo ta dubi daron da ke bakin ƙofa, ta dube ni.

"Bappa, sauran in sun yi ƙura, hurawa ake yi."