Kwalabe Uku da Ƙanƙarar Inna

Ana sallame Asuba, biyar da rabi, na hau acaɓa daga Kazaure. Shekaranjiya aka yi hadarin da ya yaye rufin gidaje, har da ƙanƙara, shi nake jira tun farkon damina. Ruwan sama yana zuwa da shaidar asalinsa. A ɗakin gwaji ana auna nauyin ƙwayoyinsa, a gane ko tururin tekun kudu ne kaɗai, ko sanyin can ƙuryar arewacin duniya ya sa hannu. Kan wannan nake digiri na biyu, kuma malamina ya ce in ban kawo ruwan babban hadari ba, sai baɗi. Kwalabe uku na kafa a garuruwa uku don tarar ruwan, kowace da ɗan mai a ciki don kada ruwan ya bi iska.

Roni, bakwai saura kwata. Malam Sabo mai gadi ya miƙo kwalbar tana ƙyalli.

“Ranka ya daɗe, maiƙo na gani a kai, na wanke ta tas, na cika maka da na rijiya.”

Har da jiran godiya! Gwanintar da ba a sa ka ba.

Gwiwa, tara da rabi, bayan taɓo ya ci mana takalma. Kawu Idi ya ba ni fura, sannan ya jawo kwalbar daga ƙarƙashin gado, ƙamas.

“Ɗana, kayan boko ne. Da na ga hadarin nan, na shigo da ita kada ta jiƙe.”

Kada ta jiƙe! Furar ma kasa shanyewa na yi.

Babura, uku na yamma, a bas mai tsayawa kowane shinge. Mai shagon da na bar wa amana ya nuna min sama: iska ta tafi da rufin, har da kwalbata. Shi kaɗai ban zaga a raina ba.

Magariba na shiga gida kamar in yi kuka. Inna ta saurare ni, ta tashi ta ɗauko wata kwalba a toshe gam. Ƙanƙarar shekaranjiya ce ta narke a ciki, wadda ta tsinta a tsakar gida don magani, abin da na yi shekaru ina yi mata dariya a kai.

“Ba kai ka ce camfi ne ba?”

Na durƙusa. “Inna, tuba nake.”

“Rabi zan ba ka. Sauran na jikokina ne.”

Na gode wa Allah da Ya dawo da ni lafiya. A cikin mutane kuwa, Inna kaɗai.