Direbar Motar Makaranta Mai Ɗaura Aure

A farfajiyar ofishin gundumarmu, inda ake karɓar takardar aure, wata tsohuwa tana tsaye cikin kwat mai ruwan toka da ta yi mata yawa a kafaɗa. Gashinta fari fat, hannunta na hagu ya sha rana fiye da na dama. Ango yana gaya wa mai hoto cewa wannan tsohuwar, Misis Lorna, ita ce ke jan motar makarantarsu a da, da ta yi ritaya cocinsu ya naɗa ta mai ɗaura aure.

Amarya tana ta leƙen titi. Mahaifinta bai zo ba.

"Tessa, juyo nan," in ji tsohuwar. "Kullum sai na jira ki a bakin gonarku, ki taho da gudu da takalmi ɗaya a hannu. Shi ma mun jira shi iya jira." Ta dubi ango. "Kai kuma Dale, tofar da cingam ɗin nan. Mai hali dai ba ya fasa halinsa."

Ya tofar a tafin hannunsa, amarya tana dariya tana share hawaye.

Ina jin gidan tsohuwar shiru yake yanzu da asuba, ba injin da za ta ɗumama, ba hayaniyar yara. Wataƙila kewarsu ce ta fito da ita.

Ta dubi titi sau ɗaya, babu kowa. Ta riƙo hannun amarya da kanta, ta kai ta gaban ango, sannan ta buɗe littafin addu'a.